Rariya, Ka Tace?

Idan mace ta ce mijinta ɗan ƙwallo ne, sai mutane su ɗauka wani saurayi ne mai cinyoyi kamar na doki. Nawa tela ne, ya ba hamsin baya, yana da tumbi da ciwon gwiwa, kuma in ya sunkuya ɗaure takalmi nishi biyu yake yi, ɗaya na tafiya ɗaya na dawowa. Amma duk safiyar Lahadi sai ya mulke ƙafafunsa da man zafi har ɗaki ya riƙa yi wa mutum yaji a ido, ya ɗauki safar hannunsa, ya fita yana wani taku kamar wanda ƙasa ta aiko a kira.

Shi ne golan tsofaffin unguwarmu. Ba su da suna, ba su da kofi, ba su da abokan karawa. Su dai suke rabuwa gida biyu, masu jar riga da masu shuɗiya, su yi ta bin ƙwallo a filin makarantar firamaren da ke bayan gidanmu har numfashi ya ƙare musu, abin da ba ya ɗaukar wani dogon lokaci. Akwai direba, akwai mai gyaran famfo, akwai wani malamin asibiti mai ritaya da ke busa usur saboda likita ya hana shi gudu. Kyaftin ɗinsu mai aski ne. Shi ne ɗan gaban jajaye, ya kuma naɗa kansa kyaftin na ɓangarorin biyu, hujjarsa ita ce shi ya sayi ƙwallon.

Sunan mijina a filin nan Rariya, kuma wanda ya raɗa masa bai zalunce shi ba. Mutumin da zai zura zare a allura yana hira, ya yanka yadi santal ko alli bai sa ba, da an bugo masa ƙwallo sai ka rantse hannuwan aro aka ba shi. Ta tsakanin ƙafafu ta wuce, ta ƙarƙashin hammata ta wuce. Akwai ranar da ya cafke ta da kyau, ya juya zai yi wa kansa kirari, ta suɓuce ta gangara ciki da ƙafarta. Amma ka same shi da rana yana ba da labari, sai ka ce ba don shi ba da an kwashe su a buhu.

Ni ba kallo nake yi ba, amma babu wanda ya fi ni sanin sakamako. Katangar makarantar doguwa ce ta ko'ina, sai daidai bayan ragarsa ne filin ya jingina da katangar gidanmu, wadda da kaɗan ta wuce kaina. Ragar kuwa ta daɗe da ruɓewa, ƙarafa uku ne kawai suka rage. Duk ƙwallon da ta yi waje, doguwar katanga za ta maido ta. Duk wadda ta wuce Rariya, sai ta daki ɗan tudun da ke bayansa, ta yi tsalle, ta dira a tsakar gidana. Shi kuma ba ya yarda a canza gida bayan hutun rabin lokaci, wai a can rana na shigar masa ido. Saboda haka duk Lahadin duniya ni ce a bayansa. Sun fasa mini baho, sun fasa tukunyar fulawa, sun fasa gilashin tagar kicin, sun taɓa kifar mini da farantin barkonon da na shanya har na wuni ina atishawa. Ladan da na samu shi ne suna. Gola ta Biyu suke ce mini, wai abin da ya fi ƙarfin maigida ni nake tarewa.

Mai zuwa karɓar ƙwallon kullum Tirela ne, ɗan bayansu, aminin mijina tun suna samari. Fenti yake sayarwa, shagonsa na manne da na mijina a benen shagunan bakin titi. An sa masa Tirela ne don in ya taso ba birki, sai ya kwashe ƙwallo da mai ƙwallo, wani lokacin har da nasa golan. Shi yake zana layukan filin da ragowar fentin da ya yi kwantai, shi ya sa a filinsu ne kaɗai za ka ga layin tsakiya kore, wurin buga fanareti ruwan hoda.

Da zarar an zura wa mijina, tun kafin ƙwallon ta gama dira a gidana, sai ka ji muryar Tirela ta cika unguwa.

"Rariya, ka tace?"

Mijina, ko yana kwance ko yana durƙushe, sai ya nuna shi da safar hannu ya ce, "Kai ka zubo!"

Sai fili ya kaure da dariya kamar ranar aka fara faɗa. Shekara da shekaru maganar ke nan, ba ƙari ba ragi, kuma ba a taɓa fasa dariyar ba. Maza ke nan. Daga nan sai in ga kan Tirela ya leƙo ta saman katanga, yana haki, gumi na ɗiga a gemunsa.

"Gola ta Biyu, a taimaka da ƙwallo. Ba laifinmu ba ne, mijinki ne."

"Wallahi yau sai na sa mata wuƙa."

"Sa mata, ai ko a yanke take sai ta wuce shi."

In jefa masa ina masifa, ya cafe yana dariya. Na sha gaya wa mijina cewa ranar da ƙwallon nan ta daina shigo mini gida, ranar zan san na yi aure. Mutum dai ya riƙa lura da abin da yake roƙo.

Da damina, bayan an ɗauki kwanaki ana tafka ruwa ba ƙaƙƙautawa, benen shagunan ya rufta. Da hantsi ne, ranar aiki. Ina yanka albasa na ji wata ƙara kamar an juye tifar duwatsu a ƙofar gida, kwanuka suka yi rawa a kan kanta. Na fita a guje da wuƙar a hannu, ban ma sani ba sai da wata mata ta karɓe ta. Hawa uku ne, da kantin magani, da masu gyaran waya, da ɗakin hoto, duk ya durƙushe ya zama tsibin bulo da rodi. Ba zan ba da labarin wunin nan ba. Na tsaya ne inda aka ce mu tsaya, ina kallon maza na tono da shebur da hannu. Wajen la'asar aka zaro mijina daga ƙarƙashin teburin yankansa, wani tsohon tebur mai kaurin katako da na daɗe ina cewa ya rabu da shi. Ya yi fari fat da ƙura, kafaɗa ta goce, amma da ransa. Tirela sai washegari aka fito da shi. Allah ya jiƙansa, shi da sauran da suka tafi.

Bayan nan unguwa ta koyi kallon sama. Mutum ya shiga banki ko asibiti, kafin ya gaida kowa sai ya ɗaga kai ya duba rufi. Akwai wata 'yar tsaga a bangon kicin ɗina da muka shekara da shekaru tare lafiya lau, har tsinken sakace nake sokewa a ciki. Yanzu kullum da safe sai na fara gaishe ta, in auna ta da farce ko ta ƙara faɗi. Ba ta ƙara ba. Bangon dai shi ne na jiya, ni ce na gane cewa jingina kawai muke yi, ba mu san ƙarfin abin da muka jingina da shi ba.

Mijina kuwa ya samo wani tsohon keken ɗinki, ya kafa shi a gindin mangwaron tsakar gida. Ɗaki sai barci ya kai shi, shi ma a bakin ƙofa yake shimfiɗa. Ya daina cika baki, ya daina musu da rediyo. Mutumin da in gishiri ya yi kaɗan a miya sai ya yi mini lacca, yanzu ko ruwan zafi na zuba masa sai ya ce an gode. Wata rana da gangan na ƙi sa gishirin gaba ɗaya. Ya cinye tas, ya ce Allah ya yi albarka. Na shiga kicin na yi kuka.

Da kafaɗar ta warke, Kyaftin ya zo da tawagarsa, suka zauna a kan benci suna murza huluna, suka roƙe shi ya dawo fili. Ni da kaina na ɗauko masa man zafin. Lahadin farko na kwashe komai daga tsakar gida, na kife baho, na rufe taga, na zauna jira. Har aka tashi ƙwallo ba ta shigo ba.

"Nawa aka yi?" na tambaye shi da ya dawo.

"Ba a ci ni ba."

Na fashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya rataye safar hannun ya koma kan keke.

Lahadin da ta biyo haka, ta bayanta ma haka. Da farko har na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na shanya fararen kaya ranar Lahadi suka bushe da farinsu, abin da ban taɓa gani ba tun da muka tare a gidan nan. Amma gani nake rigar ƙwallonsa tana dawowa kamar yadda ta fita, ko ƙasa babu a gwiwa. Rariya ba ya zama kwano a dare ɗaya. Sai na jawo benci jikin katanga, na hau, na leƙa.

Abin da na gani, da ba mijina ba ne da na yi dariya har na faɗo. Kyaftin ya yanke 'yan baya, ya rage daga shi sai gola, sai ya tsaya yana gyara ƙwallo kamar mai jiran a ɗauke shi hoto, har wani ya lallaɓo ya karɓe. Direba ya same ta a bakin raga, ya ɗaga ta sama har ta kusa sauko da shirwa. In kuma ta kama dole a buga masa, sai a turo ta a hankali kamar ana miƙa wa jariri. Ya sunkuya ya ɗauka, fili ya ɗauki tafi.

"Sai gola! Hannu ya dawo!"

Babu mai cewa Rariya. Wai Yaya tela. Mutanen da suka tsufa suna tsokanarsa, yau su ne da "Yaya tela, sannu da ƙoƙari." Layukan Tirela ruwa ya kusa wanke su, ba wanda ya sake zanawa. Wurin da yake tsayawa a gaban gola kuwa an bar shi fili, ana kewaye shi kamar rijiya. Mijina na tsaye tsakanin ƙarafa, hannuwa a sake, yana kallonsu kamar baƙon da aka cika wa ladabi har ya rasa inda zai zauna.

Wata Asabar da yamma ina tsince shinkafa a gindin mangwaron, yana ɗinki, sai ya tsayar da keke.

"Maman yara, gobe in na dawo ki samu wanda za ki ba wa safar hannun nan."

"Sabuwa za ka saya?"

"Na gama. Gobe zan je in yi musu sallama."

Da bara ya faɗi haka, da na tashi na taka rawa. Amma gabana ne ya faɗi. Ƙwallon nan ce kaɗai ta rage da take fitar da shi daga gida. In ya ajiye ta, na san daga gindin mangwaro sai bakin ƙofa, daga bakin ƙofa sai gindin mangwaro, ni kuma in ƙare rayuwata da wani bawan Allah mai ladabi da ya yi kama da mijina.

"To me ya yi zafi?" na ce. "Ka zama gwani, an daina cin ka."

"Kin ɗauka ban sani ba? Ni tela ne. Na san in an ɗinka wa mutum rigar da ta fi shi."

Ya ɗauki almakashi ya ajiye, ya sake ɗauka. Na ci gaba da tsintar tsakuwar da babu ita.

"Akwai abin da ban gaya miki ba," ya ce. "A ƙarƙashin benen nan muna jin juna, ni da Tirela. Bangon da ke tsakaninmu ya karye. Ba na ganinsa, amma ina jin muryarsa kamar yadda nake jin taki. Kin san abin da ya fara ce mini? Wai, 'Rariya, bene guda ya taho, shi ma ka bari ya wuce?'"

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Haka ya yi ta yi. In na yi shiru ya tsokane ni, in rama. Ya ce kada in kuskura in yi barci, na ishe su da barci a gola. Muka yi ta yi har na manta kafaɗata na ciwo. Can na faɗi wata magana, na jira ya rama, bai rama ba. Na sake faɗa. Na zage shi da duk zagin da na iya, ko zai ji haushi." Ya shafa kan keken da tafin hannu. "Shirun nan ne, Maman yara. Na ɗauka na baro shi a can, na je fili na tarar ya riga ni zuwa. Gara in zauna a gida. Nan ko ba komai keke na ƙara."

Na ajiye farantin shinkafar, na yafa mayafi, na ce zan je sayen ashana.

Shagon Kyaftin na kan kwana, mai ƙofar gilashi da hotunan askin da bai iya ko ɗaya ba. Ban taɓa shiga ba. Na same shi ya ɗaure wa wani mutum ƙyalle a wuya, ya kwashe masa rabin kai, kilifa na kuka a hannunsa. Yana hango ni ta madubi ya kashe ta.

"A'a, matar Yaya! Lafiya? Yaya jikin Yaya tela?"

"Wane ne Yaya tela? Ban san shi ba. Ni Rariya na aura."

Ya kalli mai rabin kan, mai rabin kan ya kalle shi. Na ce musu ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kowa ya ji. Na ce na hau benci na gani da idona, na ga yadda shi Kyaftin yake tsayawa a gaban raga kamar an ɗaure masa ƙafa.

"Zama muka yi," ya ce, yana goge kilifa da ɗan buroshi. "Mu duka, jajaye da shuɗaye. Muka ce mutumin nan ya ga abin da ya gani, kada a ƙara masa. Tausayi ne, matar Yaya."

"Sai kuka mai da shi ƙwai."

"Haba, ba haka ba ne."

"Garin neman gira za ku rasa ido. Gobe zai ajiye safar hannu."

Hannunsa ya tsaya. Ya jawo kujerar roba ya zauna.

"Gaskiyar magana," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "ba cin ne yake ba mu tsoro ba. In an ci shi, wa zai faɗa? Maganar ta mutum ɗaya ce. In ƙwallo ta shiga, kowa zai jira muryar nan, kuma ba za ta zo ba. Ni dai bakina ba zai iya ba. Na gwada ni kaɗai a shagon nan, ta ƙi fita."

Ashe ba mijina kaɗai suke karewa ba. Na ji haushin da na taho da shi ya ragu, amma ban bari ya gani ba.

"Kai dai ka ci," na ce. "Dama ba iya ci ka yi ba sai a kansa. Kada ka haramta wa kanka ɗan abin da Allah ya ba ka."

"Na yi alkawari. Gobe sai kin ji ta a tsakar gidanki."

"Kyaftin," in ji mutumin da ke kan kujera, "rabin kaina fa?"

Washegari aka tashi da yayyafi, ya ɗauke kafin su fito. Mijina ya shafa man zafinsa kaɗan, kamar mai tsoron ya ƙare, ya fita ba takun nan. Na ɗauko sabon bahona, na jiƙa wanki a ciki, na ajiye shi daidai inda ƙwallo ta saba dira. Ni da nake ɓoye mata kaya, yau ni ce da yi mata tarko. Na hau benci, na ɗan rage tsawo yadda ɗankwalina kawai zai leƙo.

Aka yi rabin farko ba labari. Kyaftin ya hango ɗankwalin, ya riƙa gudu can gefen fili kamar an aike shi. Da ƙwallo ta zo ƙafarsa sai ya miƙa wa na kusa da shi, shi da ko matarsa ce ta roƙa ba ya bayarwa. Aka dawo hutu, haka. Na riƙa tsine wa askinsa a zuciya, ina yi masa addu'ar kilifa ta ci wuta.

Ana gab da tashi, mai gyaran famfo ya ga ƙwallo ta nufo fuskarsa, ya tare da hannu biyu a cikin da'ira. Malamin asibiti ya busa usur kafin ya yi tunani. Yana busawa na ga ya yi nadama, amma bakin alƙalami ya bushe. Fanareti.

Sai da suka sunkuya suna dube-dube kafin su gano wurin, ɗan ɗigon ruwan hoda da ya rage a cikin ciyawa. Kyaftin ya ajiye ƙwallo a kai. Ya kalle ni, ya kalli mijina, sannan ya kalli doguwar katangar makaranta can gefe. Nan na san zai ci amanata. Ya ja da baya, ya taho da gudu, ya nufi katangar nan da zuciya ɗaya. Sai ƙasa ta ƙi ba shi haɗin kai. Ƙafar da ya dogara da ita ta zame a laka, ya tafi gaba ɗaya ya zauna daɓas, ƙwallon ta daki ƙwaurinsa ta fita kamar an harbo ta. Mijina ya riga ya sunkuya zai ɗauki irin wadda aka saba miƙo masa. Ta bi ta tsakanin ƙafafunsa, ta daki tudu, ta tashi ta saman kaina, ta faɗa cikin bahona. Ruwan sabulu ya wanke mini baya.

Fili ya yi tsit.

Kyaftin na zaune a laka, hannu biyu a ka, kamar wanda ya buge mutum da mota. Usur na bakin malamin asibiti, ya kasa busawa. Mijina na durƙushe ya ba ni baya. Na ga yadda ya ɗan karkata kai gefe, kunne a buɗe. Ya san babu mai magana, amma jiki ya saba jira. Na ji shirun da kunnena, na gane abin da yake nufi, kuma na san in aka bar shi ya ƙara daɗewa, safar hannun nan ta tafi ke nan.

Na sauka na tsamo ƙwallon tana ɗigar kumfa, na sake hawa bencin, wannan karon na miƙe sosai. Ban taɓa ɗaga murya a gaban taron maza ba. Maganar kuma ba tawa ba ce. Amma na tsufa ina jin ta ta saman katangata, ko gado ake rabawa ina da kaso.

"Rariya! Ka tace?"

Muryata ta karye a tsakiya, ta fita kamar ta zakaran da bai gama koyon cara ba. Babu wanda ya yi dariya. Mijina bai waiwayo ba. A hankali ya ɗaga safar hannunsa, ya nuna wurin nan da kowa yake kewayewa.

"Kai ka zubo," ya ce.

Da kyar na ji shi. Sai ya sake faɗa, da muryar da na sani, wadda take hana maƙwabta barcin safe.

"Kai ka zubo, Tirela! Wallahi kai ka zubo!"

Ya kifa fuska a cikin safar hannun ya fashe da kuka. Tun ranar da aka zaro shi ban ga hawayensa ba sai yau. Suka taho ɗaya bayan ɗaya, manyan mutane masu jikoki, suka kewaye shi. Direba na share ido da jar rigarsa, mai gyaran famfo na jan hanci kamar famfon da ya lalace. Ni ma a kan benci ina yi, na rungume ƙwallo a ƙirji, sabulu na jiƙa mini riga.

Kyaftin ne ya ƙaraso daga baya, wandonsa duk laka, yana ɗingishi. Ya tsaya a kansu, ya gyara murya.

"Kun dai ga yadda na yaudare shi ko? Da gangan na zauna."

Mijina ya ɗago jajayen idanu ya dube shi sama da ƙasa.

"Da mazaunai ka ci, mai aski."

"Ko da me na ci, ai ta wuce ka, Rariya."

Sunan na fita, sai dariya ta ɓalle. Ba irin ta da ba ce, wannan da majina a cikinta, amma dariya ce. Malamin asibiti ya tuna da usur ɗinsa ya busa, ya nuna tsakiyar fili. Sai aka tsaya ana kallon-kallo, don ƙwallo na hannuna kuma mai zuwa karɓa ba ya nan.

Mijina ya miƙe da nishinsa biyu. Ya taka ɗan tudun, ya dafa katanga, kansa ya leƙo daidai inda wancan kan yake leƙowa. Gwiwoyinsa sun yi baƙi da laka.

"Gola ta Biyu," ya ce, "a taimaka da ƙwallo."

"Wallahi yau sai na sa mata wuƙa."

Ya buɗe baki ya rufe. Sannan ya ce, "Sa mata. Ai ko a yanke take sai ta wuce ni."

Na miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu, ta suɓuce saboda sabulu, sai da ya bi ta da gudu.

Malamin asibiti ya ƙara musu lokacin da babu shi a kowace doka. Kafin a tashi ƙwallo ta sake shigo mini har na daina lissafi, ta ƙarshen ta tsaga sabon bahona gida biyu. Direba ne ya riƙa faɗin maganar, daga baya har rige-rige suke yi.

Da ya dawo, tun daga ƙofa ya fara bayani. Duk cin da aka yi masa satar gida ne, alƙalin wasa ba ya gani, 'yan bayansa kuma gara a kafa sanduna. Ya ci abinci, ya ture kwano, ya ce wai ni gishiri tsada yake yi ne? Ya wuce ciki neman tawul.

Na fito tsakar gida na tarar ya rataye safar hannun a kan igiyata, tana ɗigar laka a kan fararen kayana. Na ɗaga murya na fara masifa, tun daga baho har gilashin tagar da aka fasa tun yara na ƙanana. Shi kuma yana can ƙuryar ɗaki, a miƙe a kan gado, yana ramawa.